Tattalin Magungunan Antibayotik a Gundumomin Tasawa da Mayahi: Wane Irin Horo Ma'aikatan Lafiya ke Buƙata?



Tsakanin 2007 da 2008 masu bincike sun gwada bayan gidan yara 55 da aka kwantar a cibiyar jinyar tamowa ta ƙungiyar likitoci ta MSF a birnin Maraɗi. Ranar da aka karɓe su, 17 daga cikinsu, wato kashi 31 cikin ɗari, suna ɗauke a hanjinsu da bakteriya masu fitar da sinadarin da ake kira ESBL, wanda ke lalata amoksisilin da seftriyakson tun kafin su yi aiki. Akwai yara 16 da suka shigo ba su da ita kuma aka sake gwada su lokacin sallama. 15 daga cikinsu sun koma gida da ita. An wallafa wannan sakamako a 2011. A 2017 kuma, lokacin annobar sanƙarau, an gudanar da wani gwaji a ƙauyuka 49 na gundumar Madarumfa don ganin ko raba ƙwayar siprofloksasin ɗaya ga dukan mutanen ƙauye zai rage yaɗuwar cutar. Ya rage ta ƙwarai. Sai dai gwajin ya bankaɗo wani abu daban: tun kafin a raba maganin, fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen da aka gwada, masu lafiya a cikin gidajensu, suna ɗauke da bakteriyar hanji da siprofloksasin ba ya kashewa. Ɗaukar irin wannan ƙwaya a hanji ba ciwo ba ne. Amma ranar da ta tsallaka zuwa jini ko mafitsara, ko ta shiga jikin jariri wajen haihuwa, mai yiwuwa maganin da ke kan kantar asibitin gunduma ba zai taɓa ta ba.

Tasawa da Mayahi ba su da wata katanga tsakaninsu da Madarumfa. Jiha ɗaya ce, damina ɗaya, kasuwanni na cin juna, kuma marar lafiyan da ya gagari asibitin gunduma a Maraɗi yake ƙarewa. Kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum 500,000 tun a ƙidayar 2012. A ƙiyasin da mujallar Lancet ta fitar a 2022, bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, mutum 27.3 cikin kowane 100,000. A watan Satumba na 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi alkawarin rage mace-macen da ke da nasaba da wannan matsala da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030. Kusan duk takardar da aka rubuta kan hanyar cimma hakan tana ambaton horar da ma'aikatan lafiya, kuma babu mai jayayya da wannan. Inda gardama take shi ne wa za a horar, a kan me, kuma a ina. Matsayin wannan maƙala shi ne: horon da zai yi tasiri a Tasawa da Mayahi shi ne wanda ya sauka ƙasa ya sami majo, wato shugaban cibiyar lafiya ta CSI, da ma'aikacin ƙaramin gidan lafiya na ƙauye, ya ba shi abin yi da abin faɗa a madadin kafso, sa'an nan ya riƙa dawowa wata-wata yana buɗe rajista tare da shi. Bitar kwana uku a zauren taro ba za ta yi wannan aiki ba, komai kyawun abin da aka koyar a cikinta.

Inda ake rubuta maganin

Tsarin tattalin antibayotik da aka fi sani an haife shi ne a manyan asibitoci, inda akwai ɗakin gwajin da ke shuka ƙwayar cuta, da masanin haɗa magunguna, da likitan da ya ƙware kan cututtuka masu yaɗuwa, su uku su zauna su duba takardar kowane majinyaci. Wanda ya ɗauko wannan tsari ya sauke shi a Urafan ko Kanambakashe zai tarar babu ko ɗaya daga cikin ukun. Abin da zai tarar shi ne tsarin da Nijar ta gina da wahala: ƙananan gidajen lafiya na ƙauye wajen 2,000 da aka kafa tun farkon shekarun 2000, cibiyoyin CSI a samansu, asibitin gunduma a saman waɗannan, da kuma dokar 2006 da ta mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta. Wannan tsari ya ceci rayuka. Binciken da aka wallafa a Lancet a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma kowace ƙofar da aka buɗe wa uwa ta kawo ɗanta, ƙofa ce kuma da antibayotik ke fita ta cikinta, kuma mai riƙe da alƙalami a bakin ƙofar yawanci ma'aikacin jinya ne ko ma'aikacin lafiyar al'umma, ba dakta ba.

Ya kamata a dubi wannan ma'aikaci da kyau a cikin watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa. Mata sun cika rumfa tun hantsi, wasu sun sauko daga amalanke, wasu a ƙasa suka zo da goyo. Ya soki yatsan yaro mai zafin jiki, ya ɗiga jini a kan ƴar na'urar gwaji, ya jira minti goma sha biyar. Idan layi biyu suka fito, hanya a buɗe take, ya san maganin da zai bayar. Idan layi ɗaya ya fito, nan ne aikin ya tsaya masa. Yaron na zafi, uwa ta yi tafiya mai nisa, layi na jira a waje, kuma a bayansa akwai kwalin amoksisilin ko kotrimoksazol. Sai ya rubuta “ciwon numfashi” a gurbin cuta, ya rubuta maganin a gurbin da ke biye, ya kira na gaba. Wannan ba halin ma'aikacin Nijar kaɗai ba ne. Nazarin da aka wallafa a mujallar BMJ a 2017, wanda ya tattara bayanan marasa lafiya wajen rabin miliyan daga ƙasashen Afirka da Afganistan, ya gano an rubuta wa kashi 69 cikin ɗari na waɗanda gwajinsu bai nuna zazzaɓin cizon sauro ba antibayotik, alhali a cikin waɗanda gwajin ya nuna cutar kashi 40 ne. Wato gwajin gaggawa ya rage ɓarnar maganin zazzaɓi, ya tura ɓarnar kan antibayotik. Ga shi kuwa binciken da aka yi kan yara 1,005 masu zazzaɓi a Tanzaniya, wanda ya fito a 2014, ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari bairos ne ke damunsu, abin da antibayotik ba ya yi wa komai.

Ba jahilci ne ya sa ma'aikacin ya yi haka ba, kuma duk horon da ya ɗauka cewa jahilci ne ya riga ya faɗi. Yawancinsu sun san mura ba ta buƙatar kafso. Abin da ke tura hannunsa tsoro ne da kunya da ƙarancin lokaci: tsoron kada yaron ya rikice da dare a ƙauyen da babu mota, kunyar sallamar uwa hannu rabbana, da kuma sanin cewa idan ya bayar babu mai tambayarsa, idan ya hana wani abu ya faru duk gari zai ji.

Abin da ya kamata a koyar

Saboda haka darasin farko ba tarihin fenisilin ba ne, ƙidayar numfashi ce. Ƙa'idar kula da cututtukan yara da ma'aikatanmu suka sani da PCIME ta riga ta faɗi komai: yaro mai tari, a buɗe ƙirjinsa yana kwance lafiya a jikin uwarsa, a ƙidaya numfashinsa na minti ɗaya cur. Daga wata 2 zuwa 11, idan ya kai 50 ya yi sauri; daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar, idan ya kai 40. A duba ko ƙasan ƙirji na lotsawa idan ya ja numfashi. A tambayi alamomin haɗari: ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da komai, ya yi jijjiga, ya galabaita ba ya farkawa da kyau. Mai saurin numfashi ya sha amoksisilin na kwanakin da ƙa'ida ta tsara, da adadin da ya dace da nauyinsa. Mai alamar haɗari a ba shi kashin farko a tura shi gaba nan take. Wanda ba shi da ko ɗaya, mura ce, ba ya buƙatar antibayotik. Minti ɗaya ke raba waɗannan yara uku, kuma wannan mintin ne ake tsallakewa idan rumfa ta cika. Ƙwarewa ce ta ido da hannu, ana koyonta a kan yaro mai rai, wani na tsaye yana ƙidaya tare da kai har lissafinku ya zo ɗaya. Haka batun zawo yake: ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 su ne magani, antibayotik sai in akwai jini a bayan gida ko ana zargin kwalara. Metronidazol da ake zuba wa kowane ciwon ciki ba shi da gurbi a zawon ruwa na yara. Akwai kuma “taifot” da gwajin Widal ke haifarwa a ɗakunan gwaji: gwaji ne da ke nuna alama ko ga mutumin da ya daɗe da warkewa ko mai wata cutar daban, kuma sakamakonsa shi kaɗai bai isa hujjar rubuta siprofloksasin ba.

Darasi na biyu shi ne magana, kuma shi aka fi sakaci da shi. Uwa ta ce, “Likita, a yi masa allura mana, jikin nan ya yi zafi.” Ma'aikacin da ba a tanadar masa amsa ba zai ga hanya biyu kawai gabansa, ya yi allurar ko ya yi tsawa. Wanda aka horar zai iya cewa, “Uwar yaro, kin ga na ƙidaya numfashinsa a gabanki, ƙirjinsa lafiya lau, jininsa kuma babu zazzaɓin sauro. Ga maganin zafin jiki, ki ci gaba da ba shi nono da ruwa. Idan kika ga ya ƙi sha, ko numfashinsa ya yi sama-sama, ko da tsakar dare ne ki dawo. In zafin bai sauka ba jibi ko gata, ki kawo mini shi in sake dubawa.” Wannan uwa ba a sallame ta hannu wofi ba. An duba ɗanta a idonta, an ba ta abin lura, an ba ta ranar dawowa. Irin waɗannan kalmomi sai an tsara su da Hausar da ake yi a Maijirgi da Sarkin Hausa, an maimaita su a wasan kwaikwayo tsakanin ma'aikata har sun zauna a baki. Horon da aka yi da Faransanci daga farko har ƙarshe yana barin ma'aikaci ya fassara wa kansa mafi wuyar ɓangaren aikin.

A asibitocin gunduma na Tasawa da Mayahi kuma darasin ya ɗan bambanta. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na yau da kullum irin su amoksisilin da jentamisin, na taka-tsantsan irin su seftriyakson da siprofloksasin da azitromisin, da na ajiya da ake ɓoyewa sai ranar da komai ya gaza. Burin da aka amince da shi a 2024 shi ne kashi 70 cikin ɗari na abin da ake sha ya fito daga gida na farko. Seftriyakson shi ne abin dogaron ɗakin yara idan cuta ta shiga jini, shi ne kuma na sanƙarau, cutar da ta kama mutum wajen 8,500 a Nijar a 2015. Mayar da shi allurar kowane zazzaɓi ganganci ne. Abin da ake so ya zama al'ada a ɗakin kwanciya ba shi da yawa: a rubuta dalilin fara maganin, a rubuta ranar tsayar da shi, a sake duba majinyaci bayan awa 48 zuwa 72 a ga ko za a koma na sha ko a daina. Labarin yara 15 cikin 16 na Maraɗi kuma yana tuna mana cewa a cikin asibiti ƙwayar tana tafiya ne a hannu da gado da bokiti, don haka wanke hannu da samar da ruwa da sabulu ɓangare ne na wannan horo, kuma masu shara da masu jinya na cikin ɗalibansa.

Yadda za a koyar

A nan ne hujja ta fi ƙarfi kuma aka fi yi mata kunnen ƙashi. A 2018 Alexander Rowe da abokan aikinsa sun wallafa nazarin ɗaruruwan bincike kan hanyoyin inganta aikin ma'aikatan lafiya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Raba takardu da littattafai kaɗai kusan bai canza komai ba, maki 1.4 cikin ɗari. Horo shi kaɗai ya kawo ci gaban maki 10 da ɗoriya. Ziyarar bibiya ita kaɗai ta kai kusan 15. Haɗa su biyu ya kai wajen 18. Zaman da ma'aikata ke yi su warware matsalar aikinsu da kansu ya nuna sakamako mafi girma, ko da yake marubutan sun ja kunne cewa hujjar wannan ba ta kai sauran ƙarfi ba. Duk da haka abin da aka fi kashe wa kuɗi shi ne zauren taro, da kwanon abinci, da kuɗin zama. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai, ciki har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun daɗe suna bayyana tazarar da ke tsakanin ƙa'idar da ke rubuce da ƙa'idar da ake aiki da ita a cibiyoyin lafiyarmu. Bita tana gyara ta farkon ne kawai. Ga kuma wata asara da ba a lissafawa: ranar da majo ya tafi Maraɗi bita, mai rubuta magani a cibiyarsa shi ne ɗan sa-kai ko sabon ma'aikacin da ba a taɓa gayyata ko'ina ba, kuma sau da yawa shi ne dama mai yawan duba marasa lafiya.

Kayan aikin da ya fi dacewa yana nan a kan teburin kowace cibiya, wato rajistar duba marasa lafiya. Tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da hanya mai sauƙi ta auna yadda ake rubuta magani: a ɗauki layi 30 daga rajistar kowace cibiya, a ƙidaya nawa ne aka ba antibayotik, nawa aka yi wa allura, magani nawa aka rubuta wa kowane mutum. Mizanin da ake kwatantawa da shi bai kai kashi 30 cikin ɗari ba, alhali nazarin da ya tattara binciken cibiyoyin lafiya na matakin farko a Afirka, wanda ya fito a 2016, ya sami wajen kashi 47. Wannan lissafi ba ya buƙatar kwamfuta ko lantarki. Mai bibiya daga tawagar gunduma ya zo, su zauna da majo, su bi layi-layi: wannan yaro an rubuta masa ciwon numfashi, ina adadin numfashinsa? Wannan zawo ne babu jini, me ya kawo kotrimoksazol? Sa'an nan a taron wata na shugabannin cibiyoyi a kafa alƙaluman kowa a allo, Korgom ta ga na Hawandawaki, Isawan ta ga na Gidan Amumun. Mutum yana jin nauyin takwaransa fiye da yadda yake jin takardar da ta zo daga ma'aikatar lafiya. Sharaɗin kawai shi ne kada ziyarar ta zama ta neman laifi, domin ma'aikacin da ke tsoron hukunci rajistar zai gyara, ya bar aikin yadda yake.

Mayahi ma tana da nata misali. Ƙungiyar yaƙi da yunwa ta ACF, tare da hukumomin lafiya, ta gwada damƙa jinyar tamowa mai tsanani marar rikici ga ma'aikatan ƙananan gidajen lafiya na gundumar, kuma sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna warkewar yaran da suka duba ba ta gaza ta cibiyoyin CSI ba. Mutanen da aka amince su auna dantse, su gwada cin abinci, su bi yaro mako-mako, za su iya ƙidaya numfashi su yanke hukunci a kan amoksisilin idan an tsaya musu. A Tanzaniya, tsarin tambayoyi na mataki-mataki mai suna ALMANACH ya sauko da rubuta antibayotik ga yara daga kashi 84 zuwa kashi 15 cikin ɗari, kuma yaran da aka bi da shi ba su gaza sauran warkewa ba a rana ta bakwai, sun ma ɗan fi su. Ana iya ɗora irin wannan tsari a waya, ana iya buga shi a kwali. Ƙarfinsa yana cikin tilasta wa ma'aikaci ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da masu suka za su ce

Suka mafi nauyi ita ce wadda ta fito daga bakin masu jinyar yara: a yankin da yara ke mutuwa da ciwon haƙarƙari saboda ba su sami magani ba, ashe ba zalunci ba ne a koya wa ma'aikaci rowar antibayotik? Suna da hujja. Gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018 ya nuna raba azitromisin sau biyu a shekara ga yara ya rage mutuwa da kashi 18 cikin ɗari a jihar Doso, kuma gwajin AVENIR na 2024 a Doso da Tawa ya sami ragin kashi 14 idan an ba dukan yara daga wata 1 zuwa 59. Wannan na nufin akwai yaran da ke mutuwa da bakteriya a ƙauyukanmu ba tare da sun ga ma'aikacin lafiya ba. Amma waɗanda suka gudanar da MORDOR su ne kuma suka ba da rahoton ƙaruwar bijirewa ga dangin azitromisin a ƙauyukan da aka raba shi. Haka aka ga amfani da farashi tare a Madarumfa. Gwajin da Sheila Isanaka da abokan aikinta na cibiyar Epicentre suka yi kan yara 2,399 masu tamowa marar rikici, wanda ya fito a 2016, bai sami bambanci mai ma'ana a warkewa ba, kashi 65.9 ga masu shan amoksisilin da 62.7 ga waɗanda ba su sha ba, amma maganin ya rage yawan waɗanda aka tura kwanciya asibiti daga kashi 30.7 zuwa 26.4. Binciken da ya biyo baya a kan waɗannan yara ya nuna fiye da rabin masu shan maganin sun ɗauki bakteriya mai ESBL cikin mako guda, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. A Malawi, a 2013, irin wannan gwaji ya nuna maganin na rage mutuwa. Darasin shi ne kowace ƙwaya tana da amfani tana da farashi, kuma auna su a matakin ƙasa aikin ma'aikatar lafiya ne. Ma'aikaci ya bi ƙa'idar tamowa yadda take. Amma idan ƙasa ta zaɓi ta kashe wani kaso na ƙarfin maganin don ceton yara da gangan, to wajibi ne ta daina zubar da sauran a kan mura. Rumbun tsimi ba a kulle shi ga mai yunwa, ana dai rubuta abin da ya fita da wanda ya karɓa don ya kai gari ga kaka. Ma'aikacin da ya iya ƙidayar numfashi zai hana yara da yawa maganin da ba su buƙata, zai kuma gano mai ciwon haƙarƙarin da a da ake sallama da maganin zafin jiki.

Wasu za su ce babu ɗakin gwaji, don haka duk lalube ne. Gaskiya ne ana buƙatar asibitocin Maraɗi da cibiyar CERMES ta Yamai su riƙa fitar da bayanan ƙwayoyin da ke yawo da magungunan da suka rage musu, domin a sabunta ƙa'idojin jinya a kan hujja. Sai dai yaro mai mura ba ya buƙatar shukar jini kafin a san mura ce.

Sukar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta kasuwa. Duk ranar kasuwa akwai mai tebur ko mai faranti a ka da ke sayar da kafso ɗai-ɗai, biyu ko uku gwargwadon kuɗin mai saye, kayan sun sha rana, wasu sun tsallako iyaka ba tare da kowa ya duba su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci, kuma antibayotik na sahun gaba. A kasuwar dabbobi ma haka ake sayar da na awaki da shanu. Idan majo ya hana, uwa za ta ratse wurin mai tebur, me aka yi ke nan? Horar da ma'aikata ba zai rufe wannan kasuwa ba, kuma bai kamata a yi alkawarin zai rufe ta ba. Amma akwai alaƙa tsakanin teburin da cibiyar. Na farko, mutane na ajiye kwalin maganin da likita ya taɓa rubutawa, in ciwo ya dawo su nuna shi a kasuwa. Abin da cibiya ta saba bayarwa ga tari, shi gari ke ɗauka maganin tari ne. Na biyu, jinkirin biyan cibiyoyi kuɗin jinyar kyauta, wanda bincike da dama suka tabbatar tun shekarun farko na tsarin, yana barin kanta babu amoksisilin na yara, sai a rubuta takarda a ce a je a saya, uba ya sayi rabi. Wannan ba matsalar horo ba ce, kuma duk shirin da ya horar da ma'aikaci ya bar kantarsa wayam ya ɗora masa laifin da ba nasa ba. Wakilan lafiya na unguwanni, ungozomomi, limamai da gidajen rediyon al'umma su ne za su kai maganar inda majo ba ya zuwa, musamman a makon wayar da kai na 18 zuwa 24 ga Nuwamba, amma da sharaɗin abin da suke faɗa ya yi daidai da abin da uwa za ta gani a cibiya.

Saura batun kuɗi da yawan sauyin ma'aikata. Wanda aka horar bana, baɗi an mayar da shi wata jiha. Wannan ma hujja ce a kan bitar lokaci ɗaya: abin da ke cikin kan mutum ɗaya yana tafiya da shi, abin da ya zama al'adar cibiya yana zama. Makarantun koyon aikin jinya da tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za su iya sa wannan darasi cikin karatu tun daga tushe, ɗalibansu kuma su riƙa yin ƙidayar rajista a matsayin aikin kammala karatu.

Kirana ga hukumar lafiya ta jihar Maraɗi da tawagogin gundumomin Tasawa da Mayahi shi ne, kafin damina mai zuwa a ƙidaya layi 30 a rajistar kowace cibiyar CSI, a ƙara gurbin rubuta adadin numfashi inda babu shi, a sanya sakamakon cikin ajandar taron wata. Ga masu ba da tallafi kuma, duk kasafin horon da za ku sa wa hannu, ku nemi layin man babur na mai bibiya da layin amoksisilin na yara a cikinsa. In babu su, ku mayar da takardar a gyara.